Leda, takarda ko jakar buhu: amsa ga wata mai kanti a Kasuwar Dole

Wata Hajiya mai kantin kayan masarufi a gefen Kasuwar Dole, nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Ta ce kullum tana kashe kamar sefa 500 wajen sayen baƙar ledar da take ba masu saye kyauta. Ɗanta da ke jami'a ya matsa mata cewa leda na kashe ƙasa, ta koma jakar takarda ko ta yadi. Tana so ta san wacce ce ɓarnarta ta fi sauƙi, kuma wacce ce ba za ta cinye mata riba ba.

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Yaronki gaskiya ya faɗa game da leda, amma maganin da ya kawo yana bukatar gyara.

Mu fara da aljihunki. Sefa 500 a rana, a wata jika 15 ke nan, a shekara jika 180. Wannan kuɗi ba bashi kika bayar ba balle ki sa ran dawowarsa. Mai saye ya kai gida, ya juye kayansa, iska ta kwashi ledar ta rataye ta a kan ƙaya.

Takarda kuwa ban ba ki shawarar ta ba. Mutane na ganin tunda tana ruɓewa shi ke nan ta fi, sai dai kafin ta iso hannunki an sare itace, an dafa shi, an sha ruwa mai yawa da wuta a masana'anta. Ga ta da nauyi da cika wuri, abin da mota ɗaya za ta ɗauko na leda sai motoci da dama in takarda ce, kuma kowace mota gazuwal take sha. A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike da ya auna hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda kowace irin jaka ke jawowa, tun daga ƙera ta har yar da ita. Sun gano sai an yi amfani da jakar takarda sau 3 kafin ta fi leda ƴar sau ɗaya sauƙin ɓarna. To ke da kike auna wa mutane manja da tumatir da gishiri, wace takarda ce za ta kai zuwa uku? Da damina ko ƙofar gida ba za ta kai ba. Ga tsada a kan haka. Takarda ta dace da mai tsire da mai ƙosai, don gara ta da zuba abinci mai zafi a baƙar leda, amma ba ta dace da kantinki ba.

Jakar yadin auduga ita ce ta fi ba mutane mamaki. A wancan binciken, sai an yi cefane da ita sau 131 kafin ta fi leda ƴar sau ɗaya sauƙin ɓarna ta fuskar hayaƙi, saboda noman auduga na cin ruwa da taki da maganin ƙwari, sannan ga kaɗi da saƙa da rini. Jaka mai kauri ta zaren roba, ƴar uwar buhun shinkafa, sau 11 kawai take bukata. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Kada ki ji haka ki ce ashe leda ce ta ci gasa. Masu binciken nan, ƙasarsu suka duba, inda motar shara ke zuwa ƙofar gida a kan lokaci. A Danmak ma, da suka yi nasu a 2018, lissafinsu ya tafi ne a kan cewa ana tattara shara a ƙone ta a masana'anta a samu wuta, ba su sa ledar da ke yawo a titi cikin ma'auni ba. Mu kuwa a nan ita ce babbar cutarmu. Na taɓa tsayawa wurin wani mahauci yana gyaran tumbin tunkiya, ya zaro wani dunƙulallen abu baƙi, ya murɗe kamar igiya, ya kusa cika hannu biyu. Leda ce tsantsa. Mai tunkiyar ya yi ta ba ta dussa da harawa tana ramewa, ya sayar da ita da asara bai san dalili ba. A garin da mata da yawa jarinsu akuya ce ko ragon layya, wannan asarar dukiya ce kai tsaye. Ki ƙara da magudanan ruwa da take toshewa da damina, da ruwan da ke kwanciya a cikinta sauro ya hayayyafa, da gonakin bakin gari inda manomi ke kai takin bola, garma na tono leda maimakon ƙasa. Daga man fetur da iskar gas ake yin ta, ba ta ruɓewa kamar ganye, rana ce ke farfasa ta ta zama ɓurɓushi ta gauraye da ƙasa. In an cinna mata wuta kuma hayaƙin ya shiga ƙirjin yara.

Akwai kuma maganar hukuma. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ke da doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da ajiye irin wannan leda marar kauri. Kowa na ganin ledar ba ta bar kasuwa ba, amma dokar na nan a rubuce. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma can an tsananta da gaske. Don haka ko an yi miki rangwame, kada ki zuba kuɗi mai yawa ki tara dilolin leda a sito.

Yanzu ga abin da nake ganin ya dace da ke. Buhunan shinkafa da sukari da fulawa da kike juyewa a kanti, su ne jarinki. An riga an ƙera su, ba sabon hayaƙi, ba kuɗin mota. Ki kai wa tela ya yanka, ya ninke baki, ya sa hannu mai ƙarfi da ɗinki biyu, domin a hannu jaka ke fara mutuwa. Matar da ke zuwa cefane kullum za ta wuce sau 11 kafin mako biyu, jakar kuwa za ta yi watanni. Sai dai ki kiyaye, buhun da ya taɓa ɗaukar takin zamani ko maganin ƙwari ko siminti kada ya kusanci abinci. Ki kuma ajiye kwandunan kaba kaɗan a gaban kanti. Matan karkara ke saƙa su da ganyen goriba, kuɗin na zama a cikin jiha, ranar da kwando ya tsufa kuma ƙasa ta cinye shi. Iyayenmu da shi suka yi cefane, da ƙwarya, da ɗan ƙyalle.

Kada ki raba jakar kyauta. Abin da aka samu a banza a gida ake manta shi, gobe a dawo miki hannu rabbana a ce a sa a leda, kin yi asara biyu ke nan. Ki sayar a kan kuɗin ɗinki, ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a sama. Ribarki tana cikin ledar da kika daina saye. Wanda ya dawo da jakarsa kuwa ki yi masa gyara, ɗan dunƙulen magi ko ƙarin barkono. Gyara ba baƙon abu ba ne a kasuwarmu, kuma mutum ba ya manta kantin da ake yi masa ita.

Ban ce ki yanke leda rana ɗaya ba, maƙwabcinki zai kwashe miki masu saye. Ƙullin sukari da gishiri na dala biyar dala goma zai ci gaba da bukatar ƴar leda kafin a sami abin da ya fi. Wadda za ki fara ragewa ita ce babbar ta ɗaukar kaya, da ɗabi'ar nan ta yaran kanti ta ninka leda biyu a kan sabulu guda. Ki hana su miƙa leda sai an tambaya. Masu sayen mai ki roƙe su su riƙa zuwa da kwalba. In kuna da ƙungiya a layinku, ki kai maganar gaban shugabanni, domin in kanti goma suka sa wa babbar leda kuɗi rana ɗaya, ba wanda zai gudu wurin wani.

Ki fara da jaka 30, ki ba amintattun masu sayenki na kullum, waɗanda kika san gidajensu. Ki sami ɗan littafi, yaron nan naki ya riƙa rubuta kuɗin ledar kowace rana da adadin waɗanda suka dawo da jaka. Ko rabi kika rage, jika 90 ne a shekara suka zauna a kanti. Bayan wata ɗaya ki aiko mini da abin da littafin ya nuna, mu duba ko za a ƙara ɗinki ko farashin ne ke son gyara.