"Kana Naka, Allah na Nasa": Hana Shiri Take Yi?

Tambaya: Malam, ni Kirista ce a Sabon Gari. Na kwashi adashi, ina so in fara sarin atamfa daga Kantin Kwari. Da na gaya wa surukata sai ta ce, "Kana naka, Allah na nasa." Hana ni take yi ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a niyyarki. Ban ga alamar hani a maganar Mama ba. Ki duba ginin karin maganar: "kana" da "na" duk lokaci mai ci ne, wato abu biyu ke tafiya tare. Ba a ce ka bar naka ba. An kuma sakaya abin da ake nufi da "naka", don mai ji ya cike da kansa: shirinka, lissafinka, burinka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da ita maganar jaje. Sai jari ya karye, ko an fasa aure bayan an kai lefe, sannan a dafa kafaɗar mutum a faɗa masa. Ihu bayan hari ke nan. Mama ta faɗa miki tun kuɗin na ƙulle a bakin zani, kuma a ganina nan ne muhallinta. Cewa take yi, kin tambayi Mai nasa kuwa?

Littafi Mai Tsarki na ɗauke da wannan tunani a Karin Magana 16:9 (masu tsohuwar fassarar 1932 za su same shi da sunan Misalai), inda aka ce mutum kan tsara hanyarsa, amma Ubangiji ke bi da sawunsa. Sai dai labarin da ya fi taɓa ni yana Joshuwa sura 9. Gibeyonawa maƙwabta ne, amma suka zo da tsofaffin buhuna, da takalma duk faci, da busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga nesa suke. Dattawan Isra'ila ba su yi sakaci ba, har guzurin suka ɗauka suka duba. Aya ta 14 ta faɗi abin da suka bari: ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Bayan kwana uku gaskiya ta fito, alhali an riga an rantse musu a kan alkawarin zaman lafiya. Duk wanda ya taɓa murza atamfa a kasuwa, ya ji ta da kauri, ya kai gida aka wanke ta saki, ya san iyakar abin da ido da hannu ke iya ganewa.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu gama komai, mu biya kuɗin shago, mu sa rana, sannan mu kira fasto ya zo ya sa albarka. Wannan neman sa hannu ne a kan abin da aka riga aka yanke. Bahaushe ya ce tun ran gini, tun ran zane, domin in laka ta bushe ba ta karɓar ado. Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu yana azumi da addu'a. Da sarki ya tambaye shi kuwa, ya san wasiƙun da yake so da inda zai samo katako. Addu'ar ba ta hana shi lissafi ba. Saboda haka ki yi addu'a tukuna, ke da maigidanki, ki nemi shawarar matan zumunta da suka daɗe a wannan sana'a, sannan ki shiga Kwari da alƙalami da takarda.

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Birged a Kano ya ce a coci yana jin "jagorar Ubangiji" da "bishewar Ubangiji". Wanne ne daidai?

Amsa: Ɗana, dukansu Hausa ce mai kyau. Jagora daga "ja" da "gora" ta fito. Yaron nan da kake gani a bakin titi riƙe da kan sanda, makaho na riƙe da ƙarshenta, shi ne ɗan jagora na asali. Ka lura makahon da ƙafarsa yake tafiya, amma ba ya ɗaga ta sai sandar ta motsa. Bishewa kuma daga "bi" take: a bi da mutum, a bishe shi, wato a sa shi kan hanya. An fi jin ta a bakin Kiristoci, shi ya sa abokinka na cikin gari zai iya cewa ka maimaita. "Jagoranci" ya fi karkata ga shugabanci, irin na ƙungiya ko jam'iyya, don haka in addu'a kake yi kan aure ko neman aiki, ɗauki ɗaya daga biyun farko.