Tambaya da Amsa: Wai da gaske ana auna basirar ƙirƙira?

Tambaya: Salam Anti. Ni ɗaliba ce a BUK, ina taɓa ɗinki a gida nan Gwammaja. A lakca aka ce mana wai Freud yace damuwar da mutum ya danne ce take fitowa ta zama fasaha, kuma wai har jarabawar auna ƙirƙira akwai. To ni da nake fito da sabon salon ɗinki, damuwa ce ke cina kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Sigmund Freud likita ne a Biyanna ta ƙasar Ostiriya, ya mutu a 1939. A 1923 ya kasa zuciyar ɗan Adam gida uku: id mai son abinda ranta ke so yanzu-yanzu, sufa-igo mai tsawatarwa da muryar iyaye da tarbiyya, sai igo a tsakiya tana ta sulhu. Wasu na haɗa su da nafsul ammara da lawwama, amma ki bi a hankali, shi mutumin ko addini bai yarda da shi ba. A ganinsa sha'awar da aka danne bata mutuwa, hanya take canzawa ta ɓullo a waƙa ko zane ko labari. Inda ni maganar bata gamsar dani ba shine babu yadda za'a gwada ta, in kince baki da damuwa sai ace ai danne ta kikayi, kinga ko ta ina shi ke da gaskiya.

Awon kuma daga Amurka ya fito, daga masana halayyar ɗan Adam: J.P. Guilford ya taso da batun a 1950, Paul Torrance ya fitar da jarabawarsa a 1966. Misali a baki bulo ace lissafo duk amfanin da za'a iya yi dashi, sai a duba yawan amsoshinki, da yadda suka sha bamban da juna, da wadda ba kowa ya kawo ba, da yadda kika fayyace. Miƙa wa yaron unguwarku gwangwanin madara kiji, zai ce mota, aci-balbal, asusu, ma'aunin gyaɗa, wallahi sai ya cinye maki.

Toh amma iya kawo dabara kawai aka auna. Haƙurin zama kan keke har ki warware ɗinki ki sake, da sanin wace atamfa daga Kwari zata ɗau wannan salon ranar Sallah, wannan ba jarabawar da ta kamo shi. In kuma da gaske kina jin damuwa na hana ki bacci ko karatu, likita zaki gani, kar ki bar wa keke.