Amsa: Kayan adon bishiyar Kirsimeti na fulawa da gishiri sun kumbura

'Yar'uwa, kin ce taurarin da kika yi da fulawa da gishiri sun kumbura a obin, wasu sun tsattsage. Galibi wuta ce ta yi yawa. Ba gasa su ake yi kamar biskit ba, busar da su ake yi. Ki sa obin a digiri 100 na ma'aunin Celsius, ki bar su awa 2 zuwa 3, kina juya su.

Ki duba fulawar ma, kada ta zama mai bekin foda. Awon shi ne kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri mai laushi, sai ruwa kusan kofi 1, a zuba kaɗan-kaɗan. Ki murza sosai har kwaɓin ya daina kama hannu, ki shimfiɗa da kwalba, kaurinsa kamar rabin santimita. Ramin zare tun yana ɗanye za ki huda.

Ni na fi son shanya su a inuwa. Iskar hunturu tana busar da su cikin 'yan kwanaki. In kin yi fenti ki shafa banish (man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli), don gishiri na jan danshi.

Don Allah ki rataye su nesa da ƙananan yara da kare, gishirin ciki zai cutar da su in sun ci.