Tambaya da Amsa: Fasa Babban Gungume Ya Zama Faffaɗan Katako

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gwaram a jihar Jigawa. Ina ganin bidiyon yadda ake fasa manyan gungumen itacen al'ul a Amurka, a fitar da faffaɗan katako guda da zai isa fuskar tebur. Iskar farkon damina ta kayar da wani tsohon maɗaci a gonar mahaifina. Shin zan iya yi masa irin wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, za ka iya, amma ka sani cewa itacen da kake gani a waya daban yake da wanda ke kwance a gonarku. Al'ul itacen ƙasashen sanyi da tsaunuka ne, shi ne a jikin tutar Labanan, kuma jan itacen da ake kira da sunansa, wanda ake yawan fasawa a yammacin Amurka da Kanada, yana da taushi da rashin nauyi, shi ya sa injin yankan itace mai sarƙa ke ratsa shi cikin sauƙi. Maɗaci kuwa ya kusan ninka shi nauyi, saboda haka zai ci mai, ya ci kaifin sarƙa, ya kuma ci lokacinka.

Kafin a tayar da inji, a ɓare ɓawon, a share yashin da ya maƙale, a kuma duba ko akwai tsohuwar ƙusa a jiki, domin ƙusa ɗaya ta isa ta lalata sarƙa. Sannan a kafa tsani madaidaici a bayan gungumen, a bi kansa da injin wajen yankan farko, tunda duk falankin da zai biyo baya daga wannan fuska zai ɗauki daidaitonsa. Masu wannan aiki sukan wasa haƙoran sarƙa a kan digiri 10 maimakon 30 da ake amfani da shi wajen datse itace, domin a nan tsawon itacen ake bi. Ka yanka da kaurin inci 2 da rabi zuwa 3, saboda bushewa da gogewa za su rage shi.

A ganina, yankan ba shi ne abin damuwa ba. Inda kafintocinmu suka fi yin asara shi ne wajen busarwa, kuma hunturu ne babban abokin gaba. Ɗanyen katako yana fitar da ruwa ta bakinsa biyu da sauri fiye da ta fuskarsa, don haka idan busasshiyar iska ta buge shi, bakin zai tsuke alhali cikin yana jiƙe, sai ka wayi gari ka ga tsaga ta kama daga baki tana shiga ciki. Maganinta shi ne a shafe bakunan da fenti mai kauri ko narkakken kakin zuma a ranar da aka yanka. Falankin da ya ratsa tsakiyar gungumen kuwa kusan dole ne ya tsage, gara ka raba shi biyu tun farko ka yi ƙafafun tebur da shi.

A jera falankan a inuwa, a ƙarƙashin rumfa, a kan bulo domin gara da danshin ƙasa, a riƙa sa busassun ƙananan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu, tazarar kamar ƙafa 2, kowanne daidai saman ɗan'uwansa, sannan a danne saman da duwatsu. Idan hunturu ya kama, a kare ɓangaren da iska ke bugowa da zana. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara 1 ga kowane inci na kauri. Yanayinmu yakan rage wannan lokaci, amma wanda ya yi tebur da falankin wata 3 zai ga ya kantare a ɗakin mai saye.

Ko da iska ce ta kayar da itacen, ka sanar da mai unguwa da malamin daji na ƙaramar hukuma kafin ka sa masa inji, musamman idan za ka kai katakon kasuwa kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Ka kuma rufe hanci da baki lokacin aiki, domin ƙurar katako tana tayar da ciwon asma.