Fentin hoda a kayan babur: a sayi tanderu yanzu, ko a dakata?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan gyaran babur a kudancin Jidda ya aiko da tambaya: "Assalamu alaikum. Kwastomomi na yawan tambayata inda za a yi musu fentin hoda, wanda ake gasawa a tanderu, a rim da firam da kariya. Na tara riyal 40,000, ina so in sayi tanderu da bindigar feshi da kwamfiresa in fara da kaina. Akwai riba? Da gaske ya fi fentin ruwa ƙarko? Kuma yaya zan yi kalar ta zo daidai da ta kamfani?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a abin da aka tara. Shawarata ita ce ka shiga sana'ar, amma kada ka sayi tanderu tukuna. Fara da karɓar aiki a shagonka, ka kwance kayan, ka shirya su, ka kai wa masu tanderu a sina'iyya, wato unguwar masana'antu, su gasa, ka ɗora ribarka. Yi haka wata shida kana rubuta komai a littafi. Lissafin da ke biye zai nuna maka abin da ya sa.

Hodar kanta ba ita ke cin kuɗi ba. Kilo ɗaya, in aka fesa shi a kaurin maikuron 60 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), a takarda yana rufe murabba'in mita 11. Ko ka ce rabi ya tashi a iska, rim biyu ba za su cinye rabin kilo ba. Inda kuɗi ke tafiya shi ne hayar wuri, wuta, albashin mai feshi, da wahalar shirya ƙarfe. Tanderu kuwa, ka sa masa rim ɗaya ko ka cika shi maƙil, sai ya kai digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Selshiyos, kuma sai ƙarfen kansa ya ɗauki wannan zafi kafin a fara ƙirga minti 10 zuwa 20 na gashi. Ma'aikatar da ke gasa tagogin alminiyom da ƙofofi tun safe har dare tana raba kuɗin wutarta a kan ɗaruruwan kaya. Kai da za ka kunna domin rim biyu da kariya ɗaya, a kansu kaɗai kuɗin zai faɗa.

Sannan jerin kayan da ka kawo bai cika ba. Babu akwatin kankare ƙarfe da yashin inji, babu ɗakin feshi mai zuƙe ƙura, babu na'urar busar da iskar kwamfiresa, wadda a raɓar Jidda dole ce, domin iska mai laima tana dunƙule hoda a bakin bindiga. Tanderun da zai ɗauki firam sukutum galibi yana son wuta mai layi uku. In ka haɗa duk wannan da kuɗin haya, za ka ga 40,000 ta ƙare ba a bar maka jarin juyawa ba, ga shago kuma yana jiran a zuba masa kaya.

Maganar ƙarko gaskiya ce, da sharaɗi. Fentin hoda ya fi na gwangwani da yawancin fentin ruwa kauri da jure bugun tsakuwa, saboda garin yana narkewa ya haɗe ya zama fata ɗaya a jikin ƙarfe. Amma ƙarkonsa yana ƙarƙashinsa ne, a inda ido ba ya gani. In an bar tsatsa ko giris ko tsohon fenti, sai ka ga aiki yana sheƙi ranar da aka karɓa, bayan 'yan watanni tsakuwa ta ɗan fasa wuri ɗaya, iskar gishiri ta Bahar Maliya ta shiga, tsatsa ta riƙa tafiya ta ƙasa har fentin ya ɗago kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Don haka duk wanda za ka kai wa aiki, tambaye shi abu uku kai tsaye: yana kankare ƙarfe har ya yi fari? Yana wanke shi da sinadarin fosfet kafin feshi? Wace irin hoda yake sa wa? A zafin ranar Saudiyya amsar ta ƙarshe dole ta zama foliyesta. Hodar ifoksi tana da ƙarfi da kare tsatsa, ta dace a yi shimfiɗar farko da ita, amma in ita ce a sama rana za ta mayar da fuskarta fari-fari kamar an shafa alli.

A nan ne wurin da nake ganin ribarka take, domin ma'aikatar tagogi ba ta san babur ba, kai ka san shi. Dole a cire boris da duk wata roba da sil kafin kaya su shiga wuta. Ramin noti a toshe shi da toshiyar silikon, mazaunin boris da inda faifan burki ke zama a rufe da tef mai jure zafi, haka inda wayar at take kama firam. In aka manta, mai babur zai dawo da noti ya ƙi shiga, ko fitila tana wasa, kuma sunanka zai kira. Rim ɗin alminiyom na zubi yana da nasa hali: akwai iska da mai a cikin ƙananan ramukansa, in ba a fara gasa shi tsirara ya fitar da su ba, fentin zai fito da 'yan ƙuraje kamar an tsattsaga da allura. Kuma kada ka yarda a wuce zafi da lokacin da ke rubuce a kwalin hoda da sunan wai ya ƙara kamawa, yawan gashi na iya rage wa alminiyom ƙarfi, rim kuwa rai ne a kansa. Kayan roba ba sa shiga tanderu sam. Salansa zafinta ya fi ƙarfin hoda ta yau da kullum, fentin siramik take so. Tanki ma ni da za ka bar shi wa masu fentin ruwa da na fi so, saboda tururin fetur da kuma cikon bodi da wuta ke tayarwa.

In kaya sun dawo, gwada kafin ka biya. Ka sa su haɗa da ɗan falle na gwaji a kowane gashi. Ka tsaga shi da reza gida-gida, ka manna tef ka fizge. In fenti ya biyo tef, shiri bai yi ba. Ka goga auduga mai asiton. In fentin ya yi laushi yana bin audugar, bai gasu ba.

Kala ita ce mai haɗa faɗa, don haka kada bakinka ya taɓa cewa "daidai da ta kamfani". Masu hoda suna aiki da lambobin RAL, tsarin da Jamusawa suka kafa tun 1927: 9005 baƙi wuluk, 9016 fari, 3020 ja, 1023 rawaya. Kalar da Honda ko Yamaha ko Harley-Davidson suka fesa wa tanki fentin ruwa ne, sau da yawa hawa-hawa mai ƙyalƙyali, ba ta cikin wannan jeri. Hoda kuma ba a gauraya ta kamar fentin ruwa. Ka haɗa ja da fari, ɗige-ɗige za ka samu. Kamfanoni irin su Jotun suna iya haɗa kala ta musamman, amma sai ka sayi adadin da ya fi ƙarfin babur ɗaya nesa. Ko lamba ɗaya ce, mai sheƙi da marar sheƙi ba su kama da juna a ido, fari kuma in ya daɗe a wuta yana komawa ruwan madara. Abin yi shi ne ka ajiye fallayen gwaji a shago, ka fita da kwastoma waje ya duba a hasken rana kusa da babur ɗinsa, ya sa hannu a bayan wanda ya zaɓa. Ka kuma ba shi shawarar kalar da ta bambanta ƙarara, kamar baƙin rim a jan babur. Ja biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba sun fi komai muni. Kala huɗu ko biyar sun ishe ka. Ranar da ka fara ajiye hoda da kanka za ka ga kwalinta kilo 20 ne ko 25, kuma tana dunƙulewa in ba a ɗaki mai sanyi take ba.

Duba kuma su waye masu tambayar nan. Yaron da ke kai abincin HungerStation ko Jahez ko Keeta babur ɗinsa abin neman abinci ne, da wuya ya ajiye shi kwana uku domin ado. Masu biya su ne masu manyan babura na sha'awa, masu dabbab, wato baburan hawa yashin sahara, da kamfanonin da ke da babura da yawa suna son kala ɗaya. Littafin wata shida zai nuna maka nawa ne suka tambaya, nawa ne suka ajiye kafin alƙalami. In ka ga aikin da ke shigowa zai cika tanderu kwana uku ko huɗu a mako, har da rim ɗin mota, to lokacin saye ya yi.

Saura takardu, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da su. Ba ka faɗa mini matsayinka ba. In kai ɗan ƙasa ne, sai a ƙara wannan aiki a sijil, wato rajistar kasuwancinka, a nemi lasisin baladiyya, wato hukumar birni, da amincewar Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da kare jama'a, domin ƙurar hoda a rufaffen wuri tana kama wuta. In da iƙama, takardar zaman baƙi, kake zaune, kada ka zuba kuɗinka a wurin da ke da sunan wani bisa amana ta baki. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, a kan mai kuɗin da mai sunan duka. Ka sa harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari a lissafin farashinka tun farko. Wanda kuma zai sauya kalar babur gaba ɗaya, ka ce masa ya fara samo izinin Murur, wato hukumar zirga-zirgar ababen hawa, kalar da ke istimara, takardar rajistar babur, ta dace da wadda ke jikin babur, sannan ka kwance masa noti ɗaya.