Masara ta yi funfuna amma da araha, in saya wa kajina?

Tambaya: Salam Malam, ina kiwon kajin ƙwai, wani dillali ya kawo min masara buhu goma da ragi sosai, wai ruwa ne ya ɗan taɓa ta a sito ta yi kore-kore, yace in na shanya shikenan. Tunda ba mutum ne zai ci ba, in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka saya, ko kyauta ya baka ka ce Allah ya amfana. Wannan kore-koren funfuna ce, kuma akwai irinta da ke fitar da guba mai suna aflatoksin, shanya zata busar da masarar amma gubar tana nan daram. Asali ma ta kan kiwo aka gano ta, a 1960 talo-talo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Kajinka ba lallai su zube rana ɗaya ba, a hankali take cin hanta, ƙwai ya ja baya, cuta kaɗan ta kwantar da su, kai kuma kana ta zuba kuɗi a magani kana zargin mai rigakafi, toh ina arahar take? Kuma dan Allah kar kace bari a zuba wa shanu, gubar tana fitowa a nono, yaranka ne zasu sha.

In zaka sayi masara zura hannu har tsakiyar buhu, banda ta sama da aka yi wa ado, ka shinshina, ka ciza ƙwaya ɗaya ka ji ta yi ƙas. A gida ka ɗora buhunan kan katako nesa da bango.

Tambaya: Ni kuma gyaɗa nake saye ta kunun yara, ɓararriya tafi sauƙin kuɗi, ai suya na kashe komai ko?

Amsa: A'a Hajiya, wuta bata gamawa da gubar nan ta funfuna, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ɓararriya da motsattsiya da wadda ƙwaro ya huda su funfuna tafi kamawa. Gubar na jawo dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, ana kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 ne suka rasu saboda masarar da ta gurɓace.

Ki sayi lafiyayya ko da rabin kwano ne, ki baza a faifai ki tsince baƙaƙe da masu ɗaci, ki binne su, kar ki watsa wa kajin tsakar gida.