Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan tafiya bayan sauya gaɓar kwatangwalo

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya. Kin ce wata biyu ke nan da aka sauya mata gaɓar kwatangwalo amma har yanzu tana ɗingishi, alhali wata da aka yi wa aikin lokaci ɗaya da ita ta ajiye sanda. Ni ma an yi mini wannan aiki bayan na daɗe ina fama da zaizayewar gaɓar, kuma a ganina ɗingishi a wata na biyu bai isa a ce aikin bai yi kyau ba.

Abin da likita ya sauya shi ne kan ƙashin cinya da gurbin da yake juyawa a ciki, ya sa na ƙarfe ko na tangaran da roba mai tauri. Tsokar da ke riƙe da gaɓar kuwa tana nan yadda ciwo ya bar ta. Wanda ya shekara da shekaru yana kare ƙafar saboda zafi, tsokar gefen ɗuwawunsa ta riga ta shanye, kuma ita ce ke hana ƙugu karkacewa duk lokacin da nauyin jiki ya koma kan ƙafa ɗaya. Shi ya sa wanda aka yi wa aikin da sauran ƙarfinsa yake miƙewa kafin wanda ya jinkirta yin aikin, ko da likita ɗaya ne ya yi musu. Ni abin da ya fi yi mini amfani shi ne atisayen da likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, ya ɗora ni a kai: in dafa bayan kujera, in ɗaga ƙafar zuwa gefe a hankali, yatsu suna kallon gaba, ba tare da na jingina jiki ɗaya ɓangaren ba. Da farko ƙafar rawa take yi kafin ta tashi taƙi ɗaya daga ƙasa. Ƙarfin tsokar yakan ci gaba da dawowa har wata 6 zuwa 12, saboda haka kada a matsa mata ta yar da sanda don ganin wata ta yar. Ta riƙe sandar a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, domin mutane da yawa suna riƙewa a baibai.

Akwai kuma wajen da aka tsaga. Idan ta baya aka shiga, galibi akan hana mutum lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90, da harɗe ƙafafu, da juya ƙafar ciki, na tsawon mako 6 zuwa 12, don gudun gocewar gaɓar. Wannan doka ce ke sa gajeriyar kujera da gajeren masai da sa safa su zama aiki, kuma maganin kujera da masai ɗaga wurin zama ne yadda gwiwa ba za ta wuce ƙugu ba. Ku tambayi likitanta ta ina ya shiga, domin dokokin sun bambanta. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, wadda aka yi wa aiki kuma ita ce ke fara sauka.

Shekaru da ƙiba da ciwon suga da shan taba da ƙarancin jini duk suna jinkirta warkewa, haka ma ciwon gwiwa ko na baya da mutum yake da shi tun da can. Sai tsoron faɗuwa, wanda ba a cika lissafa shi ba: masu jinya kan hana mara lafiya ko ɗaukar kofi saboda tausayi, ta wuni a kwance, tsokar ta ƙara mutuwa. Ku kwashe abin da zai iya harɗe ta a ɗaki, ku haskaka hanyar banɗaki da dare, sannan ku bar ta ta yi abin da za ta iya da kanta.

Idan kuwa ƙaurinta ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa daga wurin ɗinki, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya ta kasa taka ta, kada a jira ranar ganin likita, a kai ta asibiti nan take.